Faɗan Aro: Samarinmu da Gardamar Yarukan Kwamfuta

A cikin samarin Wurno da Rabah da Goronyo da Allah ya nufa da karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko Jami'ar Jihar Sakkwato, ko Kwalejin Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, akwai 'yan ƙalilan da suka rungumi sana'ar rubuta manhaja. Wasu a aji suka fara. Wasu a waya suka koya, da datar da suka saya da kuɗin abincinsu. Wasu kuma sun shigo ta shirin 3MTT, wanda ma'aikatar sadarwa ta tarayya ƙarƙashin minista Bosun Tijani ta ƙaddamar a ƙarshen 2023 da burin horar da mutum miliyan 3. Ko an tara su duka ba su da yawa, kuma waɗanda hannunsu ya nuna a aikin sun fi ƙaranci.

Duk da wannan ƙaranci, tun ba a je ko'ina ba sun rabu gida-gida. Wannan ɗan Python ne, wancan ɗan JavaScript. Masu Flutter suna yi wa masu React Native kallon waɗanda jirgi ya bari a tasha, su kuma suna ramawa. A zauren WhatsApp za ka ga an kwana ana musu: "PHP ya mutu", "Java na tsofaffi ne", "in ba ka iya Flutter ba, ai ba ka fara ba". Ra'ayina a kan wannan shi ne faɗan aro ne, mun ɗauko shi daga inda yake da dalili muka kawo inda ba shi da ko ɗaya, kuma yana cinye mana lokacin yaran da yankin nan na gabashin Sakkwato yake matuƙar buƙatar hannunsu.

Ga wanda bai san harkar ba, yaren kwamfuta tsararriyar hanya ce ta rubuta wa na'ura umarni: karɓi wannan lamba, tara ta da wancan, in ta wuce kaza aika saƙo. Akwai ɗaruruwan irin waɗannan yaruka, kuma kishi ya fi zafi tsakanin waɗanda suka yi kama da juna, suke neman aiki iri ɗaya da kasuwa ɗaya. Shi ya sa ba a cika jin gardama tsakanin yaren sarrafa injin jirgi da na gina shafin intanet ba, amma ta kamfanonin da ke bayan Java da C# ta kai har kotu.

Ya kamata yaranmu su san asalin rigimar da suke tayawa. A 1995 kamfanin Sun Microsystems na Amurka ya fitar da Java, da alƙawarin cewa manhajar da aka rubuta da shi za ta yi aiki a kowace irin kwamfuta. Wannan barazana ce ga Microsoft, wanda arzikinsa ya dogara a kan mutane su ci gaba da zama a Windows. Sai Microsoft ya yi nasa samfurin na Java da ƙare-ƙaren da ba sa aiki sai a Windows. Sun ya kai ƙara a 1997, aka yi sulhu a 2001 bayan Microsoft ya amince ya biya dala miliyan 20. Kafin nan ma, a shekarar 2000, Microsoft ya riga ya sanar da nasa yaren, C#, wanda Anders Hejlsberg ɗan ƙasar Denmak ya jagoranci ƙirƙirarsa, kuma duk wanda ya kalli yarukan biyu a lokacin ya ga kamar wa da ƙane. Shi kansa JavaScript, wanda Brendan Eich ya tsara a kamfanin Netscape a 1995 cikin kwana goma ko makamancin haka, an laƙaba masa wannan suna ne don ya ci albarkacin farin jinin Java a kasuwa.

Ba a nan ta tsaya ba. A 2010 kamfanin Oracle ya sayi Sun a kan kusan dala biliyan 7.4, kuma a shekarar ya maka Google a kotu saboda amfani da Java a cikin Android, wato tsarin da ke tafiyar da yawancin manyan wayoyin da ke aljihunmu. Oracle ya nemi diyyar da ta kusa dala biliyan 9. An yi fiye da shekara goma ana shari'a, sai ranar 5 ga Afrilu 2021 Kotun Ƙolin Amurka ta ba Google gaskiya. Ana cikin wannan shari'ar ne Google ya karɓi Kotlin, yaren kamfanin JetBrains, a 2017, sannan a 2019 ya ce shi ne zaɓinsa na farko wajen gina manhajar Android. React Native daga Facebook ya fito, a 2015. Flutter na Google ne, cikakken samfurinsa na farko ya fito a Disamban 2018. Saboda haka idan yaro daga Achida da yaro daga Gandi suka ɓata da juna a kan Flutter da React Native, kasuwar manyan kamfanoni biyu suke karewa, kamfanonin da ba su san da zamansu ba, kuma ko sisin kwabo ba zai shigo aljihunsu daga nasarar ɗaya a kan ɗaya ba.

Ban ce gasar ba ta da amfani ba. Tana da shi, a wurin masu ƙera yarukan. Lokacin da Facebook, wanda da PHP aka fara rubuta shi a 2004, ya ga yaren ya yi masa nauyi, sai ya ƙera nasa injin gudanarwa da nasa reshen yaren mai suna Hack a 2014. Wannan ya zaburar da masu kula da PHP, suka zage dantse, a Disamban 2015 suka fitar da PHP 7 wanda saurinsa ya kusa ninka na baya. Java ma ya daɗe yana jan ƙafa wajen wasu sauƙaƙe-sauƙaƙen rubutu da C# ya kawo tun 2007, sai a 2014 ya shigo da irinsu, don ya ga ana guje masa. Irin wannan kishi na masu sana'a ne, kowa yana leƙen rumfar ɗan'uwansa yana gyara tasa, mai saye ne ke cin riba. Abin da nake ƙi shi ne ɗan koyo, wanda bai gama manhaja ɗaya da wani ya taɓa amfani da ita ba, ya ɗaura ɗamarar kare yare kamar addini.

Su kansu manyan sun ɗanɗana kuɗar rabuwar kai. Python, wanda Guido van Rossum na ƙasar Holan ya fitar a 1991, ya rabe biyu a 2008 da fitowar Python 3, wanda bai dace da tsofaffin rubuce-rubuce ba. Fiye da shekara goma sha ɗaya aka yi ana ja-in-ja, wasu na nan wasu na can, sai 1 ga Janairun 2020 aka rufe babin Python 2. Perl, wanda a shekarun 1990 shi ke riƙe da babban kaso na intanet, ya sanar da sabon samfurinsa na 6 a shekarar 2000, bai fito ba sai 2015, daga baya ma a 2019 aka sauya masa suna zuwa Raku. Kafin a gama wannan dogon jira, jama'a sun watse zuwa Python da Ruby da PHP. Masu Node.js na ɓangaren JavaScript kuwa, da suka rabu a ƙarshen 2014, ba su cika shekara ba suka ga asarar ta yi yawa suka sake haɗewa a 2015. Waɗannan al'ummomi ne masu dubban ɗaruruwan mutane da kuɗi da kamfanoni a bayansu, amma rabuwa ta jigata su. To ina ga mu, da ba mu kai mu cika zaure ɗaya ba?

Akwai abin da nake so duk mai cewa wani yare ya mutu ya tsaya ya duba. WhatsApp ɗin da ake wannan musu a cikinsa, ƙashin bayansa an gina shi ne da Erlang, yaren da kamfanin Ericsson na Suwidin ya ƙirƙira a 1986 don na'urorin haɗa layukan tarho. Ban taɓa jin wani a Sakkwato yana yi masa kirari ba. Lokacin da Facebook ya sayi WhatsApp a 2014 a kan kusan dala biliyan 19, injiniyoyi 32 ne ke riƙe da mutum miliyan 450. PHP da ake ta yi wa jana'iza shi ke ɗauke da WordPress, wanda sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan intanet na duniya ke kansa. A Afrilun 2020, da annobar korona ta jefa mutane cikin rashin aiki, gwamnan jihar New Jersey ta Amurka ya fito yana neman waɗanda suka iya COBOL, yaren 1959, saboda da shi aka rubuta tsarin biyan tallafin marasa aiki. Da tsohuwar zuma ake magani, a wannan sana'a ma haka ne.

Ɓarnar da gardamar ke yi a nan gida ita ta fi damuna. Na farko, tana hana yaro zama. Ya fara Python, ya kai inda abin ya fara wuya, wato daidai inda koyo na gaskiya yake farawa, sai wani ya ce masa ai kuɗi yana wajen JavaScript. Ya koma can, ya sake farawa daga baƙi da wasali. Bayan wata uku wani mai sayar da kwas a intanet ya ce masa duk wanda bai koma Flutter ba zai yi nadama. Shekara biyu ta wuce, ya san gaisuwa a yaruka huɗu, bai iya zance da ko ɗaya ba. Masu sayar da kwas ɗin suna da hannu dumu-dumu a wannan, domin yaron da ya zauna a kan abu ɗaya ya ƙware ba zai sake sayen kwas na masu farawa ba. Kuma a nan kowane sauyi kuɗi ne. Kayan aikin gina manhajar Android suna buƙatar kwamfuta mai ƙwaƙwalwar da ta kai gigabait 8, saukar da su kaɗai yana cinye data mai yawa, ga cajin da sai an kai shagon mai sola ko mai janareta. Yaron da ke da tsohuwar kwamfutar da yayansa ya bar masa, wadda za ta ɗauki Python ko PHP lafiya lau, an sa ya raina abin da ke hannunsa yana jiran wadda ba shi da kuɗinta.

Na biyu ya shafi masu ba da aiki. Na san wata makaranta mai zaman kanta a yankin nan da ta biya wani matashi ya rubuta mata manhajar tattara sakamakon jarrabawa. Yaron yana da basira, amma ya zaɓi wani sabon yare da yake yayi a lokacin, don ya nuna wa abokansa ya wuce su. Manhajar ta yi aiki zango biyu. Da ya samu aiki a Abuja ya tafi, sai wata 'yar matsala ta taso wajen lissafin maki. Aka nemi mai gyara a cikin abokansa, babu wanda ya iya karanta abin da ya rubuta, wanda aka samu kuma ya ce sai dai a rushe a sake da nasa yaren, a sake biya. Makarantar ta koma rajista da biro, kuma mai makarantar ya ɗauki alwashin ba zai ƙara ba yaran gida irin wannan aiki ba. Asarar ba ta tsaya a kan yaro ɗaya ba, ta shafi duk wanda zai zo neman aiki a bayansa.

Manomin rani a fadamar Wurno ya fi mu gane wannan. Idan zai sayi injin ban-ruwa, ba ya tambayar wanne ne ya fi suna a Japan ko Sin. Tambayarsa ita ce wanne ne ake samun kayan gyaransa a kasuwar Goronyo ko Sakkwato, wanne ne bakaniken ƙauyensu ya san cikinsa, domin in injin ya tsaya kwana uku albasa ba za ta jira shi ba. Da wannan ma'auni ya kamata a zaɓi yaren rubuta manhajar da za a bar wa makaranta ko asibiti ko ƙungiyar manoma: in mai rubutun ya yi tafiya, wa zai iya buɗewa ya gyara?

Sannan a dubi ainihin matsalolin da ke gabanmu, a ga ko akwai wadda zaɓin yare ke warwarewa. Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka kammala a 1984 a kan Gulbin Rima, an gina ta ne ta riƙe ruwa kusan kubik mita miliyan 942, kuma rayuwar dubban manoma daga Goronyo zuwa Wurno har Sakkwato tana rataye da lokacin da aka saki ruwa da yawan da aka saki. Waɗanda suka ga ambaliyar Satumban 2010, wadda ta cinye gonaki da ƙauyuka har ta yanke hanyar shiga jami'ar Ɗanfodiyo, sun san darajar labari in ya zo da wuri. Manomin albasa da tafarnuwa yana son sanin farashin buhu a Goronyo da Achida da Sakkwato da Illela kafin dillali ya iso gonarsa. Ƙungiyoyin manoma da matan da ke adashi suna buƙatar littafin lissafi da ba zai jiƙe ko ya ɓace ba. Yawancin waɗannan mutane ƙaramar waya mai maɓallai ce a hannunsu. Da yawa sun fi karanta ajami a kan boko, wasu kuma sai dai a yi musu magana da murya. Duk yarukan da ake faɗa a kansu za su iya aika gajeren saƙo ko saƙon murya da Hausa. Abin da babu shi ne wanda zai je ya zauna da manomin, ya ji yadda yake kiran ma'auninsa da lokutan ban-ruwansa, ya dawo ya rubuta abin da zai yi masa amfani.

Kada kuma mu manta da Satumban 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Goronyo da Rabah. A cikin wannan duhu ne aka kai harin kasuwar Goronyo a watan Oktoba, mutum sama da 40 suka rasa rayukansu, Allah ya jiƙansu da rahama. A waɗannan makonni duk manhajar da ba ta aiki sai da intanet ta zama gawa, ko da wane yare aka rubuta ta. Ko yau da layuka ke buɗe, akwai ƙauyukan da sai an hau tudu ake samun sabis. Darasin da ya kamata mai rubuta manhaja a gabashin Sakkwato ya fara ƙwarewa a kai shi ne yadda manhaja za ta adana bayani a cikin waya ba tare da sabis ba, ta aika shi daga baya in an samu, ba tare da ta cinye batir ko data ba. Wannan ilimi ne mai zurfi, ana biyan kuɗi mai kyau a kansa a ko'ina a duniya, kuma yanayinmu ya sa mun fi ɗan Legas damar ƙwarewa a kansa. Ban taɓa jin an kwana ana musu a kan wannan ba.

Garin Wurno da kansa yana da abin da zai koya mana. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya mayar da garin ribaɗi kuma a nan ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubucensa na mulki da tarihi da magani da Larabci, domin malamai yake yi wa magana. 'Yar'uwarsa Nana Asma'u ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma da ta tashi ilmantar da matan karkara ta hannun jagorori mata na 'Yan Taru da ake kira jaji, da harshen da matan ke ji ta isar musu. Ba a taɓa jin gidan mahaifinsu Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rabu zuwa 'yan Larabci da 'yan Fulatanci da 'yan Hausa ba. Wanda za a yi wa magana shi ne ke yanke harshen da za a ɗauka.

Wani zai ce, malam, ka manta da neman abinci. Kamfanonin da ke ɗaukar aiki daga nesa suna rubuta sunan yaren da suke so a tallarsu, kuma yaro yana da haƙƙin ya bi inda kuɗi yake. Gaskiya ne, kuma ba na so a raina wannan magana, domin yaron da zai samu albashin dala yana zaune a Wurno zai riƙe gida guda. Amma duk wanda ya taɓa shiga irin wannan tantancewa ya san abin da ake tambaya: nuna mana abin da ka gina, wa ke amfani da shi, wace matsala ka ci karo da ita, yaya ka fita. Wanda ya ƙware a yare ɗaya har ya gina abu mai aiki, koyon na biyu ba ya ɗaukarsa lokaci mai tsawo, domin tunanin ɗaya ne, tufafin ne suka bambanta. Lokacin da kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack na Shola Akinlade da Ezra Olubi a 2020 a kan sama da dala miliyan 200, abin da ya saya shi ne dubban 'yan kasuwar Najeriya da ke karɓar kuɗi ta hanyar manhajar, ba yaren da aka rubuta ta da shi ba.

Idan ƙanena ya tambaye ni da wanne zai fara, amsata ba ta da tsawo. In sha'awarsa sarrafa bayanai ce ko aikin koya wa kwamfuta Hausa, irin wanda ƙungiyar HausaNLP ke yi, ko wanda Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka yi a NaijaSenti a 2022, to Python. In shafin intanet ne, JavaScript ko PHP. In manhajar waya ce kuma kwamfutarsa za ta ɗauka, Kotlin ko Flutter. In kuwa ya rasa na zaɓa, ya ɗauki wanda mutumin da ya fi kusa da shi, wanda zai iya zuwa wurinsa da ƙafa in ya maƙale, ya iya. Sannan ya toshe kunnensa shekara guda.

Ina kira ga malaman sashen kwamfuta a manyan makarantun Sakkwato su riƙa ba ɗalibai aikin ƙarshe daga matsalolin yankunansu, su kuma haɗa ɗan Python da ɗan JavaScript a rukuni ɗaya da gangan, maki ya dogara a kan ko wani a wajen makaranta ya yi amfani da abin. Shugabannin ƙananan hukumomin Wurno da Rabah da Goronyo za su iya ware ɗaki ɗaya mai sola da intanet a sakatariya ko wata sakandare, inda yaran za su riƙa haɗuwa a ƙarshen mako. Kuɗinsa bai kai na taron siyasa ɗaya ba. Waɗanda suka riga suka ƙware, musamman 'yan asalin yankin da ke aiki a Abuja da Kano da Kaduna, su daina yi wa mai tambaya dariya saboda yaren da ya zaɓa, domin na ga 'yan mata masu hazaƙa da suka yi shiru suka bar harkar bayan an yi musu haka a gaban jama'a.

Ku kuma ƙannena masu gardamar, ga aiki: kafin a dasa albasar rani mai zuwa, ku haɗu ku fitar da hanya ɗaya da manomin Wurno mai ƙaramar waya zai ji farashin buhu a kasuwanni huɗu, da Hausa, kowane mako. Ku rubuta ta da duk yaren da mafi yawanku suka iya gyarawa, ku kai ta gona a gwada.